Timoti Mai Filashin

Masu bina a wannan shafi, sannunku da haƙuri. Wata a cikinku ta rubuto min jiya wai ba ta yarda 'yar Ibo ce ke rubuta wannan Hausar ba. 'Yar'uwa, a unguwar Herwagana ta Gombe aka binne cibiyata, a nan na yi rarrafe, a nan na sha dukan farko wajen wasan 'yar carafke. Sunana Ozioma Paschal, kuma ko mafarki da Hausa nake yi. Yaren Ibo ɗina bai wuce na gaishe da kakata da shan faɗan Mama ba.

Ga waɗanda yau suka shigo, a shekarar 2015 muke. Tun da bam ya tashi a tasha, Papa ya daina zama a ƙofar shagonsa da yamma. Bai yi wata hayaniya ba, wata safiya kawai ya ce mu fara ɗaure kaya, za mu koma Nnewi, garinmu na ƙasar Ibo, inda yayana Tobenna ya riga ya tafi. An kama mana wuri a mota ranar Alhamis. Falonmu duk kwalaye ne da jakunkunan Gana, an cire kalandar coci daga bango, an sayar da janareta, labule ma ɗaya Mama ta bari.

Ni kuwa ba na son tafiya, kuma Papa ya san dalilaina biyu. Na farko sana'ata, haɗa bidiyon biki a kwamfutar da Tobenna ya bar min. Na biyu Timoti, ɗan Billiri mai gyaran kwamfuta, wanda muka shekara biyu tare amma Papa ya ƙi yarda ya turo manyansa.

Duka biyun Papa yana da amsarsu. A kan sana'a ya ce, "Wutar unguwar nan awa huɗu take yi in ta yi kirki. Injinki awa biyar yake yi kafin ya fitar da bidiyo ɗaya. To da me za ki zauna? Ranar da injin nan ya iya riƙe ki, sai ki zo mu yi magana." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi min zafi. Sau uku bidiyon bikin wata amarya Bilkisu yana kusa da gamawa ana ɗauke wuta, in koma farko.

A kan Timoti kuwa, ko sunansa ba ya kira. Mai Filashin yake ce masa.

Ku fahimci Papa. Shekara talatin yana sayar da kayan gyaran manyan motoci a Gombe, kuma abin alfaharinsa shi ne bai taɓa yi wa ɗan Adam filashin ba. In zai kira ka, zai kira ka ya yi magana har ya gama. Ni kuma kullum ƙarfe bakwai na yamma wayata tana kan teburin falo, sai ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Sai Papa ya leƙo ta saman tabarau.

"Mai Filashin ya iso," zai ce. "Namijin da ba zai iya sa kati ya kira mace ba, da me zai sayo mata shinkafa?"

Za ku ce me ya hana ni yi masa bayani. Bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa a gida ba. Ƙarar nan ɗaya alkawari ne tsakanina da Timoti. Ma'anarta ya rufe shago, ya wuce shingayen sojoji, ya shiga ɗakinsa a unguwar Malam Inna lafiya. Bayan an ci abinci muna hira a saƙo yadda muke so. Amma da na faɗa wa Papa haka, na miƙa masa wuƙar yanka ni ke nan. Zai ce, kin gani ko, garin da sai mutum ya ba da shaidar yana da rai kowace yamma, shi kike so in bar ki a ciki? Shi ya sa na gwammace a ce saurayina marowaci ne.

Ranar Juma'a ina wanke-wanke saƙo ya shigo. Mama ce kusa da wayar, kuma Mama ba ta san wani abu wai shi sirrin waya ba. Ta ɗaga murya tana karantawa ɗaya bayan ɗaya:

"Ozi, na samo abin. Gobe da azahar zan zo gida in yi filashin ɗin. Ki roƙar min Papa aron babban batir ɗaya."

Ta sauke wayar ta kama haɓa. "Chineke! Yanzu abin nasa ya kai sai ya tako har gida ya yi filashin? Kuma da batir ɗinmu?"

Na fito da kumfa a hannu ina cewa ba wannan filashin ɗin ba ne, na kwamfuta ne. Wa zai saurare ni? Mama har da zama a kan kwali don dariya. Papa kuwa bai yi dariya ba. Ya ninke jaridarsa ya ce, "Bar shi ya zo. Ina so in ga filashin ɗin da ake yi da batir ɗin tirela."

Asabar Mama ta tafi kasuwa ƙaro jakunkuna. Na sa atamfata ruwan ganye mai zanen tsuntsaye, na ɗaura kallabi, na cire, na sake ɗaurawa. Papa yana cikin singileti da zani, ya sa an kawo batir ɗin daga shago an ajiye a tsakiyar falo. Ƙarfe biyu daidai Timoti ya yi sallama. Farar riga ce a jikinsa, gugar ta yi tsini har sai da na ji tausayinsa, don na san da gawayi ya yi ta. Jakar kayan aiki a kafaɗa, a hannu kuma ƙaramin akwatin da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida.

Ya durƙusa. "Papa, ina wuni."

"Lafiya. To, ga batir. Yi filashin ɗin mu gani."

Ni na ji kunya, shi ko a jikinsa. Ya kwance murfin kwamfutar ya nuna wani faifai mai fanka biyu. "Papa, wannan shi ne katin hoto. Shi ke ɗaukar nauyin bidiyon da Ozioma ke haɗawa. Yana da ƙarfin da ya fi wanda yake bayarwa, amma masu ƙera shi sun rubuta masa iyaka a cikin wata 'yar ƙwaƙwalwa, cewa kada ya ja wuta ya wuce kaza, kada ya yi gudu ya wuce kaza. Zan goge wannan rubutun in sa wani mai sassauci. Wannan aikin shi muke kira filashin."

Papa ya ƙura wa katin ido. Can ya ce, "Gwamna ke nan."

"Na'am, Papa?"

"Gwamna. Abin da ke cikin injin babbar mota, mai hana ta wuce gudun da aka yanka mata. Direbobi suna zuwa a buɗe musu shi don su riga 'yan'uwansu isa Kano." Ya gyara tabarau. "Rabin kayan injin da na sayar a garin nan, waɗanda suka buɗe gwamna na sayar wa."

"Haka ne, Papa. In aka zarce, ƙonewa yake yi. Shi ya sa kaɗan-kaɗan za mu ƙara, muna duba zafinsa."

"In ya mutu fa?"

Na sunkuyar da kai. Na riga na san amsar. Babu irin katin a Gombe, sai an aika Legas, sati uku in an yi sa'a, mota kuma Alhamis ce. In katin nan ya mutu, ba ni da bakin cewa ba zan tafi ba.

Timoti ya ciro wata 'yar ma'ajiya kamar ɗan yatsa daga aljihu. Ita ma filash sunanta, ni dai ban san wanda ya raɗa wa komai na duniya suna ɗaya ba. Ya ce, "Ba na goge abu sai na ajiye asalinsa, Papa. Zan kwafe tsohon rubutun a nan tukuna. Abu ɗaya ne kawai nake tsoro, wuta ta yanke ana cikin rubutawa. Minti ɗaya ne, amma in ta yanke a tsakiya, an goge tsoho ba a gama sabo ba, katin ba zai san ko shi wane ne ba. Shi ya sa ban yarda da wutar gari ba."

Ya goge fankokin, ya shafa wa katin wani farin man sanyaya, ya kwafe tsohon rubutun har wuri biyu. Ina kallon hannunsa, ba gaggawa ba rawa. In kun ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ai dutse ya taka.

Sai ga 'yar matsala. Bakin maƙalar wayarsa ƙarami ne, kan batir ɗin tirela kuma ƙato, ana maƙalawa yana zamewa. Dole wani ya danne da hannu. Na matso, Papa ya ɗaga min hannu.

"Batir ɗina ne." Ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna, ya danne maƙalar da babban yatsa.

Allon ya yi baƙi, sai fararen rubutu ƙanana. Timoti ya dube ni, na gyaɗa kai, ya danna. Lamba ta fara hawa. Goma. Ashirin da biyar. Ba abin da ake ji a falon sai fankar kwamfuta da kajin maƙwabta. Arba'in. Ina karanta Zabura a zuci ina haɗa ta da wata. Sittin.

Daram!

Ƙarar ta taho daga wajen babban titi, tagar falo ta girgiza. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙasa ba. Papa ne ya fizgo ni da hannu biyu, ya danne kaina a ƙirjinsa, ina jin zuciyarsa tana duka kamar ana daka. Da hannu biyu fa na ce. Maƙalar tana can a kan siminti, fankar kwamfuta ta tsaya.

A waje ana guje-guje, wata mata tana ƙwala wa 'ya'yanta kira. A shekarun nan labari ya fi mota gudu, kafin minti biyu an ji a unguwar Dawaki cewa wani abu ya tashi a Herwagana. Wayar Timoti ta yi ƙara ɗaya ta katse. Ya duba, ya danna, ya katse. Ta sake, ya sake. Sau huɗu.

Papa ya sake ni ya lalubo tasa wayar yana kiran Mama. Ba ta shiga. Ya sake kira, shiru. Na ga yatsansa yana kuskure lamba, mutumin da ke tsinto ƙaramin noti a cikin buhu ba tare da ya duba ba.

Sai muka ji muryar Malam Rufa'i mai shagon kusa da mu: "Taya ce, jama'a! Tayar tifa ce ta fashe! Kowa ya koma!"

Wasu suka fara dariya a waje. Papa bai yi ba, yana ta danna wayar. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

"Papa," in ji Timoti a hankali, "layin ne ya cushe, kowa yana kira lokaci ɗaya. Zai sake nan da jimawa."

"Kai su wa ke ta yi maka filashin?"

"Ƙanwata Olivia ce, da abokan shago. Haka muka saba. In an ji wani abu, ƙara ɗaya tana nufin ina lafiya, kai fa? Sai in mayar. In kowa ya tsaya dogon bayani, wani ba zai samu layi ya ji nasa ba."

Papa ya ɗago ya dube shi, sannan ya juyo ya dube ni. "Na ƙarfe bakwai fa?"

Na kawar da kai. Timoti ya amsa. "Na isa gida ke nan, Papa. Don kada ta zauna da zullumi."

A daidai nan wayar Papa ta yi ƙara. Sau ɗaya, ta katse. Sunan Mama ne a kai, Ugoma. Ko layi ne ya yanke ko katinta ne ya ƙare, oho. Papa ya tsura wa sunan ido, ya sauke wani dogon numfashi, ya zauna a kan kujerarsa. Sannan, ina kallo da idona, ya danna lambarta, ya bari ta yi ƙara ɗaya, ya katse.

Sai a lokacin muka tuna da kwamfuta. Timoti ya mayar da maƙalar ya kunna. Fanka ta juya, fitila ta kama, allo baƙi ƙirin. Ya kashe ya sake kunnawa. Baƙi. Na dubi jakunkunan da ke jingine da bango, na ga kaina a kujerar taga, Gombe tana wucewa ta baya.

"Ni na kashe shi," in ji Papa.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya faɗi irin wannan ba. Kuma ga hanya ta buɗe masa, abin da yake so ya samu ba tare da ya yi faɗa da kowa ba. Amma ba murna a fuskarsa, kunya ce.

"Bai mutu ba tukuna, Papa, suma ya yi," in ji Timoti. "Kuma ko ni ne a wurin, da ita zan fara kamawa."

Ya zare wayar allo daga jikin katin, ya soka ta a wata ƙofa ta jikin uwar kwamfutar. Ya ce akwai wani ɗan ƙaramin mai nuna hoto a can, ba ya iya aikin bidiyo amma zai haska mana hanya. Ya soka 'yar ma'ajiyarsa, ya kunna. Fararen rubutun nan suka dawo. Ya ce zai mayar wa katin tsohon rubutunsa.

"Tsaya," in ji Papa. Ya miƙe ya nufi kwalayen. Ya jawo wani babba da Mama ta ɗaure da igiya ta rubuta NNEWI a jiki da jan alli, ya yanke igiyar da reza, ya tona har ƙasa. Ya fito da kan batir na tagulla da sifana. Ya zauna ya ɗaure wayar a jikin batir ɗin tamau, ya ja da ƙarfi bai motsa ba. "Yanzu ko sama ce ta faɗo ba zai zame ba. Ana aikin wuta da maƙalar shanya?"

"Na karɓi gyara, Papa."

Lamba ta hau har ɗari. Timoti ya mayar da wayar allo jikin katin ya kunna. Daƙiƙa uku da suka fi min wata uku, sai ga hoton Tobenna da ke fuskar kwamfutar yana min murmushinsa na rainin hankali. Na yi ihu na rufe baki.

"To," in ji Papa, "mun dawo inda muka fara. Za ka sake?"

"Ba nawa ba ne, Papa. Nata ne."

Duka biyun suka zuba min ido. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Amma awa biyar ba ta shiga cikin awa huɗu. Na ce a sake.

Wannan karon ko kaza ba ta yi tari ba. Sabon rubutu ya shiga lafiya. Timoti ya fara ƙara wa katin gudu kaɗan-kaɗan, Papa ya matso da kujera yana karanta masa lambar zafi kamar tare suka koyi aikin. Da aka kai wani wuri sai wasu korayen ɗigo suka fara yawo a allo.

"Ya fara kuka," in ji Papa. "Sauko."

Timoti ya sauko taki biyu, ɗigon suka ɓace. Na buɗe bidiyon Bilkisu na sa shi ya fara fita. Kwamfutar ta yi lissafinta ta rubuta lokacin da zai ɗauka, awa uku da minti hamsin. Papa ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake karantawa.

"Minti goma kacal ya rage miki," ya ce.

"Sun ishe ni, Papa."

Ya shiga juya sifana a hannu. Rana ta fara yin sanyi, inuwar labulenmu ɗaya ta kai tsakiyar falo. Sai ya ce, "Timoti."

Ni da Timoti muka kalli juna. Ashe ya san sunan.

"Ranar Laraba ka kawo manyanka, in gan su kafin in tafi. Alhamis ni da uwarta za mu hau mota. Ita za ta zauna wurin Mama Christy ta cocinmu har a yi biki, ba kwana ɗaya a wani wuri ba. Batir ɗin nan kuma na bar mata."

Timoti ya zube a ƙasa yana godiya. Ni hawaye kawai nake yi, atamfar tsuntsayen duk ta jiƙe. Papa ya juyo gare ni, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ke kuma, kullum ƙarfe bakwai. Ba shi ba, ke. Ƙara ɗaya. Kada ki kira, in kika kira zan ɗauka wani abu ne ya faru. In bakwai ta wuce ban ji ba, washegari ina kan hanya."

"To, Papa."

Ƙofar gida ta yi ƙara. Mama ce ta shigo tana haki, tana ba da labarin yadda 'yan kasuwa suka watse saboda taya. Jakunkuna uku ne sababbi a hannunta, biyu shuɗɗa, ɗaya ja. Ta miƙo min jar tana murmushi.

"Nne, 'yata, ga taki. Na zagaya rumfa biyar kafin in samo mai zif mai ƙarfi, don kayanki sun fi na kowa yawa."

Na dubi Papa. Mutumin da ya gama yanke hukunci yanzun nan kamar alƙali, sai ga shi ya miƙe yana gyara zani. Ya raɗa min a kunne, "Ke za ki faɗa mata," ya sa silifas ya fice wai zai je ya ga tayar da ta fashe.

Mama ta bi shi da kallo. Ta dubi Timoti a durƙushe, ta dubi jiƙaƙƙiyar fuskata, jakar tana nan a hannunta ban karɓa ba. Sannan idonta ya sauka a kan yankakkiyar igiya a ƙasa.

"Ozioma," ta ce, "wa ya buɗe kwalin da na ɗaure?"